In linka ta ce "undefined reference to HMAC", ga yadda za ka bi ta

Salamu alaikum jama'a. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wahalar da na ga ƙanina ya sha da ya dawo hutu gida, ƙauyenmu nan wajen Gumel, kwana uku yana fama da wannan saƙon kuskure guda ɗaya wajen haɗa manhajar da ya rubuta da yaren C, har ya goge OpenSSL, wato kunshin kayan tsaron bayanai da manhajar ke dogara da shi, ya sake sauke shi sau biyu, kuma duk wanda ke ƙauye ya san yadda data take da daraja a wajenmu, ga sabis ɗin ma sai ka fita bakin titi kafin ya tsaya. Wallahi abin ya dame ni, don gyaran bai kai kalma biyu ba.

Bari in fara da dalilin aikin. Muna da ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo, ma'ajinmu dattijo ne mai amana, lissafin buhuna da bashin taki duk ana shigar da su cikin fayil ɗaya, ran Alhamis in za a tafi kasuwar Maigatari sai a ɗora fayil ɗin a filash ko a tura ta waya a kai wa sakatare da ke gari. Wata rana lambar da ke hannun sakatare ta saɓa da ta ma'aji, ba wanda ya san ko filash ɗin ne ya lalata fayil ko wani ne ya taɓa shi a hanya, kuma irin wannan shi ke ɓata zumunci a banza. Shi ne na ce a yi wa fayil hatimi. SHA-256, wato lissafin da ke fitar da lamba ɗaya daga abin da ke cikin fayil, ita kaɗai ba ta isa ba, don wanda ya canja fayil zai iya sake lissafa sabuwar lamba ya manna. HMAC kuwa sai da mabuɗin sirri, wanda ma'aji da sakatare kaɗai suka sani, in ba ka da mabuɗin ba za ka iya buga hatimin da zai dace ba. Tsarin tsoho ne, yana cikin takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 2104 tun 1997, kuma in aka haɗa shi da SHA-256 hatimin bayit 32 ne, wato haruffa 64 in an rubuta shi a heks.

To a shagon mai cajin waya na same shi bayan isha'i, janareta na ta ƙara, ƙwari sun yanyame ƙwan fitila, laftof a kan benci an jona ta da caja don batirin ba ya riƙe wuta. Ya juyo min da fuskar ya ce "Yaya duba fa, na sa hedar, ga ta nan a layin farko, amma ta ce ba ta san HMAC ba." Abin da ke rubuce shi ne wannan, sunayen `EVP_MAC` ɗin su ne ayyukan OpenSSL da kod ɗinsa ke kira don yin HMAC

```
undefined reference to `EVP_MAC_fetch'
undefined reference to `EVP_MAC_init'
collect2: error: ld returned 1 exit status
```

Ka kalli layin ƙarshen nan da kyau. Inda ka ga `ld returned 1` to ba kwamfaila (mai fassara kod zuwa yaren na'ura) ce ke magana ba, linka ce, wato wadda ke haɗa kod ɗinka da laburare ya zama manhaja. Ita kwamfaila ta riga ta gama nata, ta karanta kod ɗinka ta yarda da shi. Heda irin `openssl/evp.h` ko `openssl/hmac.h` sunaye ne kawai a cikinta, kamar takardar da aka rubuta jerin kayan da ke rumbu, ba kayan ba ne. Ainihin aikin yana cikin laburare mai suna libcrypto, kuma linka ba ta zuwa ɗauko shi sai ka ce mata ta je. Mutane da yawa suna zaton `#include` ya wadatar, kuma ban ga laifinsu ba, don `printf` ba ta taɓa neman ƙarin komai a wajensu, gcc ce ke haɗa laburaren C da kanta ba tare da an tambaye ta ba. OpenSSL ba ya cikin wannan alfarmar.

Saboda haka kafin ka taɓa komai ka tantance wa ke kuka. In saƙon ya ce `fatal error: openssl/evp.h: No such file or directory` wannan kwamfaila ce, ba ka da hedojin ne gaba ɗaya, a Ubuntu da Debian sai ka sa `sudo apt install libssl-dev`, a Fedora kuma `openssl-devel`. Kasancewar umarnin `openssl` yana aiki a taminal ba ya nufin kana da kayan haɗa manhaja, kunshinsu daban ne. In ya ce `undefined reference` ko `cannot find -lcrypto` linka ce. In kuma manhajar ta haɗu lafiya sai da ka zo kunna ta ta ƙi tashi, wannan wani mataki ne na uku, zan zo kansa can ƙasa.

Ga kod ɗin da muka yi aiki da shi, na OpenSSL 3 ne, mun sa masa suna hatimi.c

```c
#include <stdio.h>
#include <string.h>
#include <openssl/evp.h>
#include <openssl/params.h>

int main(int argc, char *argv[])
{
    unsigned char buhu[4096], hatimi[EVP_MAX_MD_SIZE];
    size_t n, tsawo;

    if (argc != 3) return 1;
    FILE *f = fopen(argv[2], "rb");
    if (!f) return 1;

    EVP_MAC *mac = EVP_MAC_fetch(NULL, "HMAC", NULL);
    EVP_MAC_CTX *ctx = EVP_MAC_CTX_new(mac);
    OSSL_PARAM p[] = {
        OSSL_PARAM_construct_utf8_string("digest", "SHA256", 0),
        OSSL_PARAM_construct_end()
    };
    if (!EVP_MAC_init(ctx, (unsigned char *)argv[1], strlen(argv[1]), p))
        return 1;
    while ((n = fread(buhu, 1, sizeof buhu, f)) > 0)
        EVP_MAC_update(ctx, buhu, n);
    EVP_MAC_final(ctx, hatimi, &tsawo, sizeof hatimi);

    for (size_t i = 0; i < tsawo; i++) printf("%02x", hatimi[i]);
    printf("\n");
    EVP_MAC_CTX_free(ctx);
    EVP_MAC_free(mac);
    fclose(f);
    return 0;
}
```

Shi kuma umarnin haɗawa

```
gcc hatimi.c -o hatimi -lcrypto
```

Shikenan fa. `-l` na nufin laburare, `crypto` kuma sunan ne bayan an cire `lib` na gaba da `.so` ko `.a` na baya. Ba ka buƙatar `-lssl` a nan, ita libssl ta harkar TLS ce, wato tsaron sadarwar intanet, HMAC da SHA duk suna cikin libcrypto. In ka sa `-lssl` ita kaɗai linka za ta ƙi, wani lokaci ma da saƙon `DSO missing from command line`. Sannan ka lura da harafin o na ƙarshe, akwai wani laburare daban mai suna `-lcrypt` na kalmomin sirri na Linux, yana nan a kusan kowace kwamfuta, shi ya sa in ka manta o ɗin linka ba za ta ce ba ta same shi ba, za ta ɗauko shi salin alin sannan ta ci gaba da cewa ba ta ga HMAC ba, kai kuma ka yi ta rantsuwa ka sa laburare.

Yanzu ga inda ƙanina ya maƙale da gaske, kuma nan nake so a tsaya a fahimta. A dare na biyu ya riga ya gano `-lcrypto`, amma ga yadda ya rubuta

```
gcc -lcrypto hatimi.c -o hatimi
```

kuskuren bai canja ba ko kaɗan, shi ya sa ya yanke cewa OpenSSL ɗin ne ya lalace. Alhali jeri ne kawai. Linka daga hagu take bi zuwa dama, tana tafe da takardar abin da ake nema. Ka ɗauka yaro ne aka aika kasuwa, ya wuce rumfar mai gishiri tun ba a gaya masa ana son gishiri ba, sai da ya kai ƙarshen layi aka ce masa gishiri fa, shi kuma ba ya komawa baya. Lokacin da linka ta iso kan libcrypto ba wanda ya nemi komai tukuna, sai ta wuce, da ta iso kan hatimi.c buƙata ta taso amma rumfa tana baya. Da laburare irin `.a`, wanda ake zubawa cikin manhajar kanta, haka linkar GNU take yi a kowace Linux. Da `.so`, wanda ake lodawa sai lokacin kunna manhaja, wasu Linux ɗin suna ƙyalewa, amma gcc ta Ubuntu tana zuwa da `--as-needed` a kunne, wato duk laburaren da ba a nemi komai a cikinsa ba a lokacin da aka iso kansa ajiye shi ake yi. Shi ya sa za ka kwafi umarni daga wani tsohon darasi, a wajen mai darasin ya yi, a wajenka ya ƙi. Mai nema a gaba, wanda ake nema a wajensa a baya. In kana amfani da duka biyun ma `-lssl -lcrypto` ne, don ssl ce ke nema a wajen crypto.

Na karɓi laftof ɗin na mayar da kalmar ƙarshen layi na danna, taminal ta yi shiru ba ta ce komai ba, wanda shi ne alamar an dace. Ya daɗe yana kallon allon, can ya ce "Yaya yanzu duk datar nan da na ƙona..." ban bar shi ya ƙarasa ba, na ce ai yanzu ka sani, kuma ba za ka sake mantawa ba.

Masu Makefile su ma nan suke faɗawa, sai su zuba `-lcrypto` cikin `LDFLAGS`, alhali ƙa'idar make tana sa `LDFLAGS` kafin fayilolinka, `LDLIBS` ce ke zuwa a baya. To ka rubuta `LDLIBS = -lcrypto`. A CMake kuwa `find_package(OpenSSL REQUIRED)` sannan `target_link_libraries(hatimi PRIVATE OpenSSL::Crypto)`, shi zai jera da kansa. Ni dai abin da na fi so shi ne in bar pkg-config ya faɗi abin da ya dace da kwamfutar

```
gcc hatimi.c -o hatimi $(pkg-config --cflags --libs libcrypto)
```

To in jeri ya yi daidai, suna ya yi daidai, amma har yanzu akwai wasu sunaye ƙalilan da linka ta ce ba ta gani ba, ba duka ba, ka duba waɗanne ne, don sunan da kansa yake tona asirin matsalar. OpenSSL ya canja fuska sau biyu. A 2016 siga ta 1.1.0 ta cire `HMAC_CTX_init` da `HMAC_CTX_cleanup`, aka koma `HMAC_CTX_new` da `HMAC_CTX_free`, kuma aka hana ka rubuta `HMAC_CTX ctx;` kai tsaye, in ka yi kwamfaila za ta ce `storage size of 'ctx' isn't known`. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya kwafo tsohon kod, ya gyara wancan layin ya mai da shi foyinta, ya bar `HMAC_CTX_cleanup` a ƙasa, tsohuwar gcc ta yi masa gargaɗi kawai na `implicit declaration` ta wuce, sai linka ta zo ta ce `undefined reference to HMAC_CTX_cleanup`. Ba laburaren da za ka ƙara ya gyara wannan, aikin ne babu shi kuma, kod ɗin za ka gyara. Shi ya sa nake cewa a riƙa sa `-Wall` kuma a riƙa karanta gargaɗi, daga gcc 14 ma wannan gargaɗin ya zama kuskure sosai, ba ta wucewa. Sai kuma 2021 da siga ta 3.0 ta fito da `EVP_MAC`, ta ce su `HMAC_Init_ex` da `HMAC_Update` sun tsufa, suna aiki har yanzu amma da gargaɗin `deprecated`, wannan gargaɗi ne kawai ba ya hana haɗuwa. Ubuntu 20.04 da 1.1.1 ta zo, 22.04 kuma da 3.0, saboda haka kod ɗin da na sa a sama ba zai haɗu a 20.04 ba sai dai ka koma `HMAC_CTX_new`. Kuma ka sani masu OpenSSL sun daina kula da 1.1.1 a fili tun Satumba 2023, sabon aiki gara a ɗora shi kan 3.

Wadda ta fi cin rai ita ce in kana da OpenSSL biyu a kwamfuta ɗaya, kuma yawanci mu muke jawo wa kanmu, mutum ya ga kuskure ya je ya sauke sabon OpenSSL ya haɗa da hannu ya zuba a `/usr/local`, na asali kuma yana nan a `/usr`. Sai kwamfaila ta ɗauki heda daga sabo, linka ta ɗauki laburare daga tsoho. Alamarta ita ce ka ga `undefined reference to EVP_MAC_fetch` ko `EVP_MD_get_size` alhali ka sa `-lcrypto` a inda ya kamata. Na biyun nan ma ba kai ka rubuta shi ba, kai `EVP_MD_size` ka rubuta, hedar 3 ce ta juya sunan, laburaren 1.1.1 kuma bai san sabon suna ba. Kar ka yi ta canki-canki, ka tambayi kayan aikin su nuna maka

```
gcc -H -c hatimi.c 2>&1 | grep openssl/evp.h
gcc hatimi.c -o hatimi -lcrypto -Wl,--trace | grep crypto
nm -D /usr/lib/x86_64-linux-gnu/libcrypto.so | grep EVP_MAC_fetch
```

Na farko zai nuna maka daga wace folda aka ɗauko heda, na biyu wane fayil linka ta buɗe, na uku kuma ko sunan yana cikin laburaren, in ka ga harafin T a gaban sunan yana ciki, in ba abin da ya fito to babu shi. In heda da laburare ba gida ɗaya suka fito ba, sai ka nuna wa kowa hanya da `-I` da `-L`. Ka kula, OpenSSL 3 da aka haɗa da hannu a kwamfuta mai bit 64 yakan zuba laburarensa a `lib64` ne ba `lib` ba, mutum ya rubuta `-L/usr/local/lib` ya yi ta mamaki. Gaskiya shawarata in ba dole ba kar ka girka na biyu, wanda ya zo da Linux ɗinka ya ishe ka buga hatimi.

Akwai dalilin da zai sa ka so haɗa laburaren cikin manhajar gaba ɗaya, wato haɗin cikin jiki, irin namu da za a kai ta kwamfutar sakatare wadda ba mu san me ke cikinta ba. In ka yi da `libcrypto.a` a tsohuwar Linux za ka iya ganin `undefined reference to dlopen` ko `pthread_rwlock_init`, sai ka ƙara `-ldl -pthread` a bayansa, ko ka tambayi `pkg-config --static --libs libcrypto`. Daga glibc 2.34 an haɗe waɗannan cikin laburaren C, shi ya sa sababbin kwamfutoci ba sa wannan kukan.

Na san yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu Windows ce da Code::Blocks. Maganar ɗaya ce, wuri ne ya bambanta, ka shiga Build options na aikin, ƙarƙashin Linker settings ka ƙara `crypto`, a Search directories kuma ka nuna foldar heda da ta laburare. In haɗin cikin jiki ne da MinGW sai ka bi shi da `-lws2_32 -lcrypt32`, in ba haka ba za ka ga sunaye masu farawa da `__imp_` irin su WSA da Cert suna ta zuba. A Visual Studio saƙon `LNK2019 unresolved external symbol` ne, fayil ɗin da za ka ƙara `libcrypto.lib`, in darasin da kake bi ya ce `libeay32.lib` to na zamanin 1.0.2 ne, an canja sunan tun 1.1.0. Sai batun bit, kwamfaila mai 32 ba ta haɗuwa da laburare mai 64, in ka ga `skipping incompatible` sannan `cannot find -lcrypto` to ta ga fayil ɗin sarai, ƙin sa ta yi. Hanya mafi sauƙi a Windows a ganina ita ce MSYS2, ka sauke gcc da OpenSSL daga wuri ɗaya da pacman don su zama 'yan gida ɗaya. Wanda ba shi da laftof ma zai iya gwada haɗa kod ɗin nan a wayar Android da manhajar Termux, `pkg install clang openssl`, umarnin haɗawa bai canja ba.

Saura mataki na uku da na yi alkawari. Manhaja ta haɗu, ka kunna, sai ka ga `error while loading shared libraries: libcrypto.so.3: cannot open shared object file`. Wannan ba linka ba ce kuma, mai lodawa ne a lokacin tashi, shi bai san da `-L` ɗinka ba. Ka sa `ldd ./hatimi` ka ga wanda aka rubuta wa `not found`. In laburaren yana wata folda ta daban, ka ƙara `-Wl,-rpath,/usr/local/lib64` wajen haɗawa, ko ka sa foldar a `/etc/ld.so.conf.d` ka kira `sudo ldconfig`. In kuma kwamfutar wani ka kai manhajar, wadda ka haɗa a 22.04 tana neman `.so.3`, ita kuma 20.04 `.so.1.1` gare ta, don Allah kar ka yi dabarar nan ta canja wa fayil suna ko ƙulla wannan da wancan, cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a harkar hatimi ba a son abin da ke aiki da sa'a. Ka sake haɗawa a can, ko ka yi haɗin cikin jiki. A Windows kuma fayil ɗin DLL, irin `libcrypto-3-x64.dll`, sai ya zauna kusa da manhajar.

Da ta haɗu kar ka yarda da ita tukuna, gwada ta da lambar da aka riga aka sani. A RFC 4231 akwai gwaji da mabuɗi `Jefe`

```
printf 'what do ya want for nothing?' > gwaji.txt
./hatimi Jefe gwaji.txt
openssl dgst -sha256 -hmac Jefe gwaji.txt
```

Duka biyun su ba ka `5bdcc146bf60754e6a042426089575c75a003f089d2739839dec58b964ec3843`. In sun saɓa, duba ko da `echo` ka yi fayil ɗin, don tana ƙara sabon layi a ƙarshe kuma bayit ɗaya ya isa ya canja hatimi gaba ɗaya, sannan duba ko ka buɗe fayil da `"rb"`, a Windows in ka sa `"r"` kawai tana taɓa ƙarshen layuka, hatimin ma'aji ba zai taɓa dacewa da na sakatare ba alhali ba wanda ya taɓa komai, ka ga an koma gidan jiya. Mabuɗin da na sa a layin umarni don gwaji ne kawai, a aikin gaske yana zama cikin tarihin taminal, gara manhajar ta karanta shi daga wani fayil da ba ya bin filash ɗin, kuma ya zama bayit 32 na bazata irin wanda `openssl rand -hex 32` ke bayarwa, ba sunan ƙauye ko lambar waya ba. Wajen kwatanta hatimi biyu a cikin kod kuma ka yi amfani da `CRYPTO_memcmp` maimakon `memcmp`, shi ma a libcrypto yake, `#include <openssl/crypto.h>` kawai za ka ƙara, `-lcrypto` ɗin nan da ke ƙarshen layi ya ɗauke shi.